Ra'ayinmu: Babban Bankin Amurka da baƙar fatar da ke ƙarshen layi

Alƙaluman da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta fitar game da watan Agustan 2025 sun nuna cewa rashin aikin yi a tsakanin baƙaƙen fatar ƙasar ya kai kashi 7.5 cikin 100, alhali a tsakanin fararen fata bai wuce kashi 3.7 ba. Ninki biyu ke nan. Wanda ya saba bin waɗannan alƙaluma ba zai yi mamaki ba, domin tun shekarar 1972 da hukumar ta fara ware lissafin baƙaƙen fata daban, kusan kullum haka abin yake tafiya. In kasuwa ta yi kyau ninki biyu ne ko kusa da haka, in ta faɗi ma haka. An yi shugabanni na jam'iyyun nan biyu, har baƙar fata ya yi shekara 8 a fadar shugaban ƙasa, amma wannan tazara ba ta rufe ba.

Mun san abin da mai karatu zai ce. Mutumin da ke zaune a rumfarsa a Maraɗi ko Jibiya, ko Ƙonni ko Illela, ko Gaya ko Kamba, yana fama da 'yan duwan da kwastan da shingayen hanya, ina ruwansa da wanda ya rasa aiki a Shikago? Amsarmu ita ce, hannun da ke buɗe wa wancan bawan Allah ƙofar aiki ko ya rufe ta, shi ne dai hannun da ke ɗaga dala ko ya sauke ta. Muna nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji zai sayi kuɗin zuwa sari Dubai ko Cana, ya san cewa wannan hannu yana shiga aljihunsa ba tare da sallama ba.

Hannun da muke magana a kai shi ne Babban Bankin Amurka, wanda su can suke kira Fed. An kafa shi a 1913, yana da manyan rassa 12 a sassan ƙasar, kuma wani kwamiti nasa mai masu jefa ƙuri'a 12 yana zama sau 8 a shekara a birnin Washinton domin yanke abu guda, wato nawa ne kuɗin ruwan da bankuna za su riƙa biyan junansu a kan bashin kwana ɗaya. Daga nan sauran ke ɗauka: bashin sayen gida, bashin mota, bashin da kamfani zai ci ya faɗaɗa masana'anta. Idan farashin kaya ya fara hauhawa, sai bankin ya ɗaga kuɗin ruwa. Bashi ya yi tsada, mai niyyar gini ya dakata, kamfani ya daina ɗaukar sababbin ma'aikata, wani ma ya sallami na hannu, kuɗi ya ragu a hannun jama'a, ciniki ya ja baya, farashi ya lafa. Masana suna da kalmomi masu daɗi da suke lulluɓe wannan da su, amma a Hausance ma'anarsa ita ce, maganin tsadar kaya sai an zaunar da wasu mutane a gida. Tambayar da ba a cika son yi ba ita ce, su wa za a zaunar?

Ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane amsar. Ranar da manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin kasuwa, kowa na neman a sauke masa kaya kafin rana ta yi, babu mai tambayar ɗan dako ɗan wane ne shi, ko daga wane gari ya zo. Duk mai ƙarfin ɗaukar buhu zai samu. Amma ranar da mota biyu ce kawai ta shigo, shugaban 'yan dako nasa zai fara kira, baƙo kuwa ya wuni a gindin bishiya. Haka baƙar fata yake a kasuwar aikin Amurka. Sai aiki ya yi yawa har an rasa mai yi ake waiwayarsa, kuma da zarar an fara rage mutane, da shi ake farawa.

Wasu kan ce ai matsalar ilimi ce, ba ta launin fata ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin makarantun unguwannin talakawa a can ma ba ɗaya suke da na masu hali ba. To amma ko a tsakanin masu digiri, alƙaluma sun daɗe suna nuna baƙar fata ya fi farar fata zaman jiran aiki. A wani bincike da aka buga a 2004, wasu malaman jami'a biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a biranen Bostan da Shikago. Takardun iri ɗaya ne, sunaye kawai aka sauya, wasu aka sa masu sunan da aka san na Turawa ne, wasu na baƙaƙen fata. Masu sunan Turawa sun sami kiran ganawa fiye da sauran da kashi 50 cikin 100. Wata malama kuma, Devah Pager, ta tura samari neman aiki da ƙafarsu a birnin Milwoki, sakamakon da ta buga a 2003 ya nuna cewa farar fata da ya ce ya taɓa zaman kurkuku an kira shi a kashi 17 cikin 100 na wuraren da ya je, baƙar fata da bai taɓa laifin komai ba kuwa kashi 14. Wannan ba zancen takardar shaida ba ne. Bugu da ƙari, mutanen da ke tsare a gidajen yari ba sa shiga lissafin marasa aikin yi ko kaɗan, kuma kowa ya san yawan baƙaƙen fata a gidajen yarin Amurka ya zarce kasonsu a cikin al'umma nesa ba kusa ba. Ke nan tazarar gaskiya ta fi wadda ake bugawa.

Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe da gane cewa 'yanci ba ya cika sai da abin yi. Babban gangamin nan na Washinton a 1963, wanda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a wurin, an kira shi ne gangamin neman aiki da 'yanci, kuma aikin ne ma aka fara ambata. Bayan an kashe shi a 1968, matarsa Coretta Scott King ta shafe shekaru tana jagorantar fafutikar a kafa dokar da za ta tilasta wa gwamnati samar da aiki ga kowa. A 1977 majalisar dokoki ta ɗora wa Babban Banki nauyin samar da aikin yi gwargwadon iko tare da daidaita farashi. A 1978 kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan Sanata Hubert Humphrey da ɗan majalisa Augustus Hawkins, wanda shi baƙar fata ne daga Los Anjelis. Dokar ta sa burin sauko da rashin aikin yi zuwa kashi 4 cikin 100 a cikin shekara 5, ta kuma ce a yi ƙoƙarin rage bambancin da ke tsakanin rukunonin jama'a.

Ko shekara ba a cika ba aka ga yadda doka ke zama takarda. A watan Agustan 1979 Paul Volcker ya karɓi ragamar bankin, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 10 cikin 100, har ta doshi 15 a farkon 1980. Ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20. Manoma suka jero taraktoci suka kewaye ofishin bankin, magina suka riƙa aika masa guntayen katako ta gidan waya don ya san aiki ya tsaya. Bai janye ba, kuma farashi ya sauko, wannan babu musu, shi ya sa har yau ake yaba masa. Amma ga kuɗin da aka biya: a ƙarshen 1982 rashin aikin yi a ƙasar baki ɗaya ya kai kashi 10.8, na fararen fata ya tsaya ƙasa da kashi 10, na baƙaƙen fata kuwa a watan Janairun 1983 ya kai kashi 21.2. Mutum ɗaya cikin biyar. Wato a shekarar da doka ta yi alkawarin kashi 4, abin da baƙar fata ya gani ke nan.

Dattawan kasuwanninmu ba za su manta da wancan watan na Janairun 1983 ba, ko da yake saboda wani dalili daban. A watan ne gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin Najeriya, aka ga ɗaruruwan dubban 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Cadi da 'yan Kamaru sun yi cincirindo a kan iyakoki da ƙullin kayansu. Ba mu ce Volcker ne ya kore su ba. Faɗuwar kuɗin man fetur da ɓarnar cikin gida su ne kan gaba. To amma tsadar kuɗin ruwan Amurka ta taimaka wajen durƙusar da cinikin duniya, ta kuma ninka nauyin bashin da ƙasashe matalauta suka ci da dala, har Meziko ta fito a watan Agustan 1982 ta ce ba za ta iya biya ba. Daga nan aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Abin lura a nan shi ne, da aiki ya yi ƙaranci, mu ma wanda muke gani bare muka fara nuna wa ƙofa. Saboda haka ba da ɗaga hanci muke wannan magana ba.

Masu kare bankin suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa makami ɗaya ne a hannunsa, ba zai iya sa kuɗin ruwa ɗaya ga farar fata, wani ga baƙar fata ba, kuma hukunta kamfanin da ke nuna wariya aikin kotu ne da majalisa. Suna cewa tsadar kaya talaka ta fi ci, kuma baƙaƙen fata sun fi yawa a cikin talakawa, don haka wanda ya bar farashi ya gudu da sunan taimakonsu, da hannun dama ya ba su ya karɓe da na hagu. Hujja ta uku ta fi ƙarfi: idan kuɗin ruwa ya yi ƙasa, farashin gidaje da hannun jari ne ke tashi, kuma waɗannan a hannun fararen fata suka fi yawa. Binciken da bankin da kansa ya yi a 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa ba ta cika dala 45,000 ba. Ke nan araha ta bashi tana iya ba ɗan baƙar fata aikin albashi, a lokaci guda ta ƙara wa mai gida uku dukiyar da ta ninka albashin sau da yawa.

Mun yarda da wannan duka. Inda muka rabu da su shi ne cewa wai tunda bankin ba shi ya haifi wariya ba, babu ruwansa. Shi ne fa ke yanke tsawon ranar da motoci za su yi ta shigowa. A watan Disambar 2015 ya fara ɗaga kuɗin ruwa bayan shekara 7 yana kusa da sifiri, bisa dalilin cewa rashin aikin yi ya sauko kashi 5, wai an kusa ƙurewa. A lokacin na baƙaƙen fata yana sama da kashi 8, hauhawar farashi kuma ba ta ma kai kashi 2 da bankin ke nema ba. Wato an fara naɗe tabarma tun na ƙarshen layi bai iso ba, saboda tsoron wutar da ba ta kama ba. Abin da ya biyo baya ya nuna akwai sauran wuri: aiki ya ci gaba da ƙaruwa, a 2019 rashin aikin baƙaƙen fata ya sauko ƙasa da kashi 6, farashi bai yi wani tashin a zo a gani ba. A watan Afrilun 2023 ma ya sauko ƙasa da kashi 5, mafi ƙanƙanta tun da aka fara lissafi. Babu wata sabuwar dokar hana wariya da ta kawo haka. Kamfanoni ne suka rasa ma'aikata, dole ta sa suka daina duba suna da unguwa.

Shi kansa bankin ya taɓa amsa wannan. A watan Agustan 2020, bayan ya zaga ƙasar yana sauraren ƙungiyoyin ma'aikata da mutanen unguwannin talakawa, shugabansa na lokacin Jerome Powell ya bayyana cewa daga yanzu za su ɗauki samar da aiki a matsayin buri mai faɗi da ya haɗa kowa, kuma ba za su ɗaga kuɗin ruwa don kawai aiki ya yawaita ba. Sai ga annobar korona ta tsinke hanyoyin kaya, ga yaƙin Yukren, farashi ya tashi har kashi 9.1 a watan Yunin 2022. Masu suka suka ce ga abin da tausayi ya jawo, ko da yake tsadar ta shafi ƙasashen da bankunansu ba su taɓa yin irin wannan alkawari ba. Daga Maris 2022 zuwa Yulin 2023 bankin ya ɗaga kuɗin ruwa sau 11, daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5. A watan Yunin 2022 majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin da zai wajabta wa bankin kula da tazarar launin fata, amma bai tsallake majalisar dattawa ba. A watan Agustan 2025 kuma bankin ya sake rubuta manufarsa, kalmar nan ta haɗa kowa ta fita.

Su wa ke zama a teburin ma abin dubawa ne. Sai a 1966 aka naɗa baƙar fata na farko, Andrew Brimmer, a majalisar gwamnonin bankin. Sai a 2017, bayan shekara fiye da 100 da kafuwa, baƙar fata ya shugabanci ɗaya daga cikin rassa 12, wato Raphael Bostic a Atlanta. Mace baƙar fata ta farko, Lisa Cook, ta shiga a 2022, kuma a watan Agustan 2025 Shugaba Donald Trump ya ce ya sallame ta, ita kuma ta garzaya kotu. Ba mu ce launin mai zama a kujera shi ke gyara lissafi ba, amma wanda ɗan'uwansa ke zaune a gida ba aiki, ba zai kalli kashi 5 na ƙasa baki ɗaya ya ce an gama ba.

Matsayinmu a nan a fili yake. Idan farashi ya ɓalle da gaske, dole a taka masa birki, mu da muka ga yadda kuɗin buhun gero ke sauyawa tsakanin safe da yamma ba za mu ce a'a ba. Amma banki ya jira ya ga tsadar da idonsa kafin ya rufe ƙofar aiki, kada ya rufe ta bisa hasashe. Kuma duk lokacin da ya ɗaga kuɗin ruwa, ya fito ya faɗi su wa yake sa ran za su rasa aiki, a wane yanki, a wane rukuni, yadda majalisa za ta san inda za ta kai ɗauki. Bankin da doka ta ɗora wa nauyi biyu ba shi da hurumin ɗaukar ɗaya farilla, ɗaya nafila.

Zafin matakin 2022 ya iso kasuwanninmu tun kafin ya isa wasu unguwannin Amurka. Da kuɗin ruwa ya tashi a can, masu jari suka kwashe kuɗinsu daga ƙasashe masu tasowa suka koma dala. A watan Yulin 2022 yuro ya faɗo ya yi daidai da dala, karo na farko cikin shekara 20, kuma tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, dalar da ake saye ƙasa da sefa 550 a farkon 2021 ta haura sefa 650. Duk mai shigo da shinkafa ko taya ko yadi daga Asiya ya ji a jikinsa. Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022, watan da hauhawar farashi a can ta haura kashi 54. Naira tana da nata ciwon na cikin gida, musamman bayan an sake ta a Yunin 2023, amma ƙarfin dala ya ƙara mata nauyi. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba sa cin bashi da ruwa saboda addini, to amma ruwan yana iske su a cikin farashin kwantena. Ga kuma 'ya'yanmu da ke Buronks a birnin Niyok, ko Girinsboro inda 'yan Nijar suke da yawa, masu tuƙin tasi da aikin sito da gadi. A takardun gwamnatin Amurka baƙaƙen fata ne su ma, kuma ranar da aka rage masu awannin aiki, saƙon ƙarshen wata ne ke raguwa a gidajenmu.

Abu guda da za a yaba wa Amurka shi ne tana ƙirgawa. Duk wata ana tambayar gidaje kusan 60,000, a buga sakamakon rukuni rukuni, shi ya sa ma aka san akwai tazarar har ake jayayya a kanta. Mu fa? Babban bankin ƙasashen sefa na yamma da ke Dakar, da na tsakiya da ke Yawunde, da na Najeriya da ke Abuja, duk daidaita farashi da darajar kuɗi ne babban aikin da dokokinsu suka ba su. Na Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a ƙarshen 2024, kuma ba mu ji an fito an ce ga adadin masu injin niƙa da masaƙu da ƙananan masana'antun Kano da za su rufe ba. Lissafin ma kansa abin tambaya ne: hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan da ta sauya ma'auni a 2023, ta yadda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, sai adadin ya koma kusan kashi 4. Ɗan dakon da ya sauke buhu uku ranar Litinin ya wuni sauran mako a gindin bishiya, a takarda yana da aiki.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kan iyaka, na Maraɗi da Katsina da Damagaram da Maigatari da sauransu, duk lokacin da jami'an waɗannan bankuna suka zo taron wayar da kai, a tambaye su wane yanki da wace sana'a ce ke ɗaukar nauyin matakansu, a kuma nemi su riƙa buga alƙaluman aikin yi jiha jiha, da na matasa da na mata. Shi kuma wanda ke shirin ɗaukar kaya bashi da dala, ya riƙa sa kunne ga rediyo: alƙaluman aikin yi na Amurka galibi ranar Juma'ar farkon wata suke fita, zaman kwamitin bankin kuma kusan duk bayan mako shida ne, kuma ana sanar da ranakun tun shekara ba ta kama ba.